Daga Indoshin Zuwa Tashar Adjamé

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Adjamé da sanyin safiya ya san ba a yi wa baƙo sannu da zuwa a nan. Kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa 'yan kamasho sun yi maka caa, wannan yana jan jakarka, wancan yana kiran Yopougon, Abobo, Treichville. Ƙananan motocin nan da ake ce wa gbaka suna ta zuba hon, ƙamshin soyayyen kifi ya gauraya da warin kwata da hayaƙin gas. Idan ka kasa kunne za ka ji Julanci da yaren Mosawa da Faransancin titi, kuma ba za ka yi taku ashirin ba sai Hausa ko Zabarmanci ya faɗo maka a kunne. A nan na tashi. A wani lungu na wannan tasha, a ƙofar wani sito da ake ajiye kayan matafiya, kakana na wajen uwa ya yi shekara talatin da ɗoriya a kan benci ɗaya. Yawancin 'yan tasha ba su san sunansa na yanka ba. Ansiyan suke ce masa, wato tsohon soja a bakin Faransanci.

So nake in ajiye shi kusa da wani tsohon soja wanda shi sunansa ya shiga littattafai, wato Oumarou Ganda. Ƙasarsu ɗaya, Nijar. Yaƙi ɗaya suka je. Birni ɗaya suka faɗo neman abinci bayan an sallame su, ɗaya a Treichville, ɗaya a Adjamé. Ganda ya kwashe sauran rayuwarsa yana ba da labarin abin da ya same shi, har duniya ta ji. Kakana ya kulle nasa a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado.

Bari mu fara da hanyar da ta kai su can. A shekarar 1857 gwamnan Faransa a Senegal, Louis Faidherbe, ya kafa rundunar baƙar fata da aka raɗa wa suna tirailleurs sénégalais, 'yan bindigar Senegal. Sunan ya bi rundunar har ƙarshenta, ko da yake da tafiya ta yi nisa daga ko'ina ake ɗibar mutanenta: Bambara, Mosawa, Zabarmawa, Hausawa, Sara na Cadi. Daga 1919 aka mayar da aikin soja wajibi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Kumandan ya yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, likita ya duba haƙori da ƙirji, a ɗora wa yaro jar hula. Wanda ke da uwa a gindin murhu sau da yawa yakan tsira, ɗan talaka da maraya su ne ke cika lissafi. 'Yan uwanmu na Nijeriya sun san irin wannan ta ɓangaren Ingila: kakanninsu da aka kai yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, har Hausa ta zama harshen bariki. Bambancin shi ne su nasu ya ƙare a 1945, na Faransa kuwa sai aka sake buɗe sabon shafi. A ƙarshen 1946 yaƙi ya ɓarke a Indoshin, yankin da ya haɗa Vietnam da Laos da Kambodiya, tsakanin Faransa da mayaƙan Viet Minh na Ho Chi Minh. Dubun-dubatar 'yan Afirka aka loda a jiragen ruwa aka kai su can, su riƙe wa Bature ƙasar da masu ita ke neman 'yancinta. A wannan zubin akwai waɗanda suka shiga da ƙafarsu, don albashi da kaki da ganin duniya. Cikin waɗanda suka taka wannan ƙasa akwai Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulkin Nijar a 1974, da Sangoulé Lamizana na Haute-Volta, da marubucin Kodebuwa Ahmadou Kourouma. A ranar 7 ga Mayun 1954 sansanin Dien Bien Phu ya faɗi, Faransa ta sha kaye, aka sa hannu a Geneva cikin Yulin wannan shekara. Ba a yi wata huɗu ba wutar Aljeriya ta kama.

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga soja, a 1951. Ka tsaya ka dubi ɗan shekara 16 na gidanku, mai karatu, wanda har yanzu ake tashinsa sallar asuba da ƙyar, sannan ka hango shi cikin fadamar shinkafa da bindiga. Ya yi shekara biyu a Asiya, aka sallame shi a 1955, ya komo Yamai bai sami aiki ba. Daga nan ya bi sawun dubban samarin Nijar zuwa bakin teku.

Abidjan ta wannan lokaci kamar tukunya ce da ta fara tafasa. A 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas, mutum ya sami damar sayar da ƙarfinsa inda ya ga dama. A 1950 aka fasa mashigin Vridi wanda ya haɗa tafkin Ebrié da teku, a 1951 aka buɗe tashar jiragen ruwa, manyan jirage suka fara shigowa har cikin gari suna lodin koko da kofi da katako. Layin dogon da aka sa wa suna Abidjan-Niger ya isa Wagadugu a 1954, ya tsaya cak. Har yau bai taka ƙasar Nijar ɗin da ke cikin sunansa ba. Saboda haka ɗan Nijar sai ya hau babbar mota ko ya taka da ƙafa zuwa Wagadugu ko Bobo, sannan ya shiga jirgi. Turawa na zaune a Plateau, baƙaƙe kuwa an ware musu unguwanni biyu: Treichville a tsallaken ruwa ta kudu, Adjamé ta arewa. Ganda ya sauka a Treichville, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, irin leburan da ke tsayawa bakin ƙofa kowace safiya ko za a ɗauke su aikin yini.

A nan ya haɗu da Jean Rouch. Shi wannan Bafaranshe injiniyan hanyoyi ne da ya fara zuwa Nijar a 1941, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim, kuma a lokacin yana bin diddigin 'yan ci-ranin Nijar a Gold Coast da Kodebuwa. Ya ɗauki Ganda aikin tattara bayanai a tsakanin 'yan ci-rani, sannan a 1957 ya juya kyamara kansa shi da abokansa. Fim ɗin da ya fito a 1958 shi ne Moi, un noir, wato ni baƙin mutum. Samarin sun ari sunayen taurarin silima da suke kallo a Treichville: Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa ya zama Eddie Constantine, akwai direban tasi Tarzan, akwai budurwa Dorothy Lamour. Fim ɗin ya bi su ranakun aiki, da Asabar, da Lahadi, da wayewar garin Litinin. Ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa, Jean-Luc Godard ya yaba shi, kuma masana silima suna lissafa shi cikin finafinan da suka share wa sabon salon fim na Faransa hanya.

A matsayina na 'yar rediyo, abin da ya fi kama ni a fim ɗin shi ne muryar. Kyamarar Rouch ba ta ɗaukar sauti tare da hoto. Sai da aka gama haɗa hotuna aka zaunar da Ganda gaban makirufo, ana haska masa kansa yana magana yadda ta zo masa. Duk wanda ya taɓa zama shi kaɗai a ɗakin watsa shiri, jan fitila a kunne, ya san abin da makirufo ke yi wa mutum: yakan zaro maganar da ba ka yi niyyar faɗa ba. Haka ta faru da shi. Ya fara da barkwanci da cika baki na samari, yana mafarkin zama zakaran damben duniya, sai murya ta riƙa karyewa. Ya yi ƙorafin talauci, ya kalli masu motoci ya kalli kansa, ya faɗi abin da yake so a rayuwa, kuma ba wani abu ba ne mai yawa: gida, da mata, da zama kamar kowa. Tun farkon fim ɗin an gaya wa mai kallo cewa uban Robinson ya kore shi daga Yamai saboda sun sha kaye a yaƙi. A ƙarshe kuma, yana tafe a bakin tafki da wani ƙaramin abokinsa, sai ya shiga kwaikwayon yaƙin Indoshin: ya faɗi rub da ciki, ya yi rarrafe, ya jefa gurnetin da babu shi a hannunsa, ya kwanta kamar gawa. Mutane na wucewa abinsu.

Ana yawan yabon Rouch da cewa ya ba baƙin mutum baki. Ni dai ina ganin aron baki ya ba shi, don almakashin yanka fim na hannun Rouch, sunan da ke kan allo na Rouch ne, kyautar ma shi ya karɓa. An ruwaito cewa Ousmane Sembène ya taɓa ce masa ido da ido yana kallon 'yan Afirka kamar mai nazarin ƙwari. Ban kai Sembène zafi ba, kuma Rouch ya riƙe zumunci da Nijar har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. Amma abin da Ganda ya yi bayan haka ya nuna cewa akwai sauran magana a cikinsa.

Ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu koyon fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya koyi riƙe kyamara. A 1968 ya gama fim ɗinsa na farko, Cabascabo, da Zabarmanci, shi ya rubuta, shi ya shirya, shi ne kuma tauraro. Labarin wani soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Maroƙa suka yi masa caa, abokai suka kewaye shi, mata suka yi masa fara'a, ana ta shagali. Da kuɗi suka ƙare kowa ya kama gabansa. Ya nemi aiki, kakin da ya sa bai buɗe masa ƙofa ko ɗaya ba. Hotunan yaƙi kuma suna ta dawo masa. Daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi gona. Fim ɗin bai kai awa ɗaya ba, baƙi da fari ne, amma an nuna shi a bikin Cannes a 1969, ya kuma sami yabo a Mosko. A ciki Zalika Souley ta fito, wadda ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka yi fice a silimar Afirka.

Abin lura, ba fagen daga Ganda ya fi mayar da hankali a kai ba. Ƙofar gida ce ta dame shi: yadda ake tarbar wanda ya dawo, da abin da ake so a wurinsa. Fim ɗinsa na gaba, Le Wazzou polygame, shi ma labarin mai dawowa ne, sai dai daga Makka. Wani attajiri ya sami sunan Alhaji, ya ƙyalla ido kan wata yarinya, Satou, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya sa kuɗi ya aure ta ta uku, gidan ya kama da wuta har aka yi asarar ran da bai ji ba bai gani ba. Da wannan fim Ganda ya zama mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, Étalon de Yennenga, a Wagadugu a 1972. Ya biyo da Saïtane, sannan L'Exilé a 1980. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, yana da shekara 45. Cibiyar al'adu ta Yamai da ake kira CCOG sunansa take ɗauke da shi, haka ma kyautar da FESPACO ke ba wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko.

To, shi kuma Ansiyan na ƙofar sito?

Mutumin ƙasar Tasawa ne, daga wani ƙauye da ba na jin yana kan taswira. Ya je Indoshin, aka zarce da shi Aljeriya, ya dawo. Abin da ya sami Cabascabo ya fara samunsa, wannan kam kakata Inna ta ba mu labari tana dariya: sati biyu ana kiɗa a ƙofar gidansu, 'yan uwan da bai taɓa gani ba suka ɓullo, wani kawu ya ari kwat ɗinsa har abada. Da ya ga aljihu ya fara iska sai ya yi abu biyu da ragowar: ya saya wa mahaifiyarsa saniya, ya biya sadakin Inna. Daga nan ya gangaro kudu shi kaɗai. Ya yi dako, ya yi gadi a gidan wani Balabane a Plateau, domin a lokacin masu dukiya na son tsohon soja a ƙofa. Bayan shekara biyu ya koma ya ɗauko amaryarsa. Inna takan ce ranar da ta fara ganin jirgin ƙasa a Wagadugu ta rantse ba za ta shiga cikin wannan macijin ba, sai da ya ɗauke ta cak kamar buhun gero.

A bariki ya koyi lissafi da karanta baƙaƙen boko da ɗan Faransanci, kuma wannan shi ya zame masa jari a tasha. Mutum zai aika wa iyalinsa buhun shinkafa ko turmin atamfa zuwa Maraɗi, Tawa ko Damagaram, Ansiyan ne zai rubuta suna a jiki, ya shigar a littafi, ya damƙa wa direba. Kafin zuwan wayar salula, kuɗi a hannun direbobi suke tafiya, wasiƙa kuma sau da yawa kaset ce. Ɗan ci-rani zai zauna gaban rikoda a cikin sito, ya gaida uwa da uba da dangi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi nawa ya aiko da yadda za a raba. Ni ce mai danna maɓalli. Ina 'yar shekara takwas ina jin ƙattin maza masu ɗaukar buhu biyu a ka suna shaƙewa idan sun zo kan sunan uwa. Kaka yakan fita waje a wannan lokaci, wai zai duba kaya. Duk abin da na iya na sauraro, a wannan sito na fara koyonsa, ba a makarantar aikin jarida ba.

'Ya'ya bakwai suka haifa da Inna, biyu suka koma. Ya ƙara da uku na wani abokinsa da suka yi Aljeriya tare, wanda tarin fuka ya kashe a Treichville. Sai da na girma na san cewa waɗanda nake kira Kawu da Gwaggo ɗin nan ba cikinsu ɗaya da mahaifiyata ba, don ko a rabon nama ranar Sallah ba a bambanta ba. Ɗaki biyu ne a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da Jula da Mosawa da Bawule. Ya sa mata a makaranta lokacin da mutanenmu ke ganin haka ɓata yarinya ne, kuma da aka yi masa magana a masallaci ya ce shi ya ga abin da takarda ke yi wa wanda bai iya karanta ta ba. Ba ya cin abinci a waje. Garba ɗin nan, acaken rogo da soyayyen kifi da duk Abidjan ke rububi, wanda ake cewa daga sunan 'yan Nijar masu sayar da shi ya samo suna, ban taɓa ganin ya saya ya ci a tsaye ba. Sai dai ya ƙunso ya kawo gida a ci tare. Kuma kada in mayar da shi waliyyi: mutum ne mai tsanani, ƙarfe tara yake kulle ƙofa kamar bariki, kawuna ɗaya ya bar gidan shekara huɗu saboda mari guda. Ni ce dai ba ya iya yi wa faɗa. "Amarya," yakan ce, "yau ma ba ki dafa mini komai ba, zan ƙaro wata."

Na yaƙi kuwa, ko kalma. Daren sabuwar shekara, lokacin da yaran unguwa ke fasa abin ƙararsu, yakan shige ɗaki ya ƙure rediyo. Inna ta san dararen da ba a taɓa shi idan yana barci.

Akwatin ƙarfen nan sau biyu ake buɗe shi a shekara, lokacin karɓar ɗan kuɗin da Faransa ke ba mai katin tsohon mayaƙi idan ya tsufa. Ya fito da katin, ya goge takalmi, ya maƙala lambobinsa a kan babbar riga, ya tafi. Yakan dawo da sukari da sabulu da littattafan rubutu na jikoki, kuɗin sun ƙare ke nan. Ina yarinya na ɗauka haka abin yake. Sai da na fara bincike don wani shiri na gane cewa da gangan aka ƙanƙantar da shi. A ƙarshen Disambar 1959, ana gab da ba ƙasashenmu 'yanci, majalisar Faransa ta saka wani sashe a dokar kasafin kuɗi wanda ya daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da za su balle. Daskararwa ita ce ma'anar kalmar da su kansu suka yi amfani da ita. Abin da ake biyanka ranar da ƙasarka ta sami 'yanci, a nan za ka tsaya, na Bafaranshen da kuka kwanta rami ɗaya kuwa yana ta hawa da tsadar rayuwa. Shekara arba'in ana haka. Wannan ba shi ne karo na farko da kuɗin soja baƙi ya zama abin rigima ba: a ranar 1 ga Disambar 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan 'yan Afirkan da suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama sun ce adadin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, shi ya kai ƙara. A ranar 30 ga Nuwamban 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ce wannan bambanci wariya ce, sai dai mai ƙarar ya riga ya rasu. Duk da haka gwamnati ta yi ta jan ƙafa. Abin mamaki, fim ne ya sake tayar da maganar: Indigènes na Rachid Bouchareb, a 2006, kan sojojin Arewacin Afirka a yaƙin duniya na biyu. Shugaba Jacques Chirac ya ba da umarni, daga Janairun 2007 aka daidaita kuɗin katin mayaƙi da na waɗanda suka naƙasa. Sauran fanshon sai da kotun tsarin mulki ta yi hukunci a Mayun 2010, aka fara aiki da shi a 2011. A lokacin yawancin masu haƙƙin suna ƙarƙashin ƙasa. Ranar da Kaka ya karɓo na farko da aka ƙara, ya zube su a tabarma gaban Inna ya ƙirga sau biyu, sannan ya ce, "Sun jira mu mutu, mun ƙi." Ya sayi kwanon rufi aka aika Tasawa, don ɗakin ƙanwarsa na yoyo.

Sau ɗaya na ga sojan da ke cikinsa ya fito fili. A watannin Maris da Afrilun 2011, lokacin rikicin bayan zaɓe tsakanin Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara, Adjamé ta zama fagen daga, kuma baƙo mai suna irin namu yana cikin haɗari a kowane shinge. Tasha ta mutu, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Tsoho mai kusan shekara tamanin ya karɓi ragamar gidan hayar nan gaba ɗaya, har da waɗanda ba yarenmu ɗaya ba. Ya sa aka cika kowane bokiti da ruwa, ya ƙayyade kofi nawa kowa zai sha, ya kwantar da yara a ɗakin da ya fi nisa da titi, katifu jingine da taga. Idan aka yi harbi yakan karkata kai ya saurara, ya ce wannan nesa ne ku ci abincinku, ko ya ce kowa ƙasa. Da wasu samarin gidan suka fara maganar fita su shiga cikin masu tsaron unguwa, ya ɗauko bencinsa ya dasa a bakin ƙofa ya zauna. Ya ce wanda zai fita sai ya tsallake shi. Babu wanda ya tsallake. Ranar 11 ga Afrilu aka kama Gbagbo, bayan 'yan kwanaki muka buɗe ƙofa, mutum ashirin da shida, ba wanda ya yi ko ƙwarzane.

A shekarar da ta biyo baya, ina makarantar aikin jarida, wani malaminmu ya nuna mana Moi, un noir. Na kwafo shi a kwamfuta na kawo gida, ina fargabar ko Kaka zai kore ni da shi. Bayan sallar isha'i na ajiye a gabansa. Ya gane gadar, ya gane kwale-kwalen da ke tsallakar da lebura, ya nuna wani layi a Treichville ya ce a nan wani Bayarabe ke yi musu aski bashi. Ya yi tsaki da aka nuna mashaya. Da aka zo wurin da Robinson ke rarrafe a bakin ruwa yana jifa da hannu wofi, sai ya yi tsit. Na kai hannu zan tsayar, ya riƙe mini wuyan hannu. Har rubutun ƙarshe ya gama hawa bai sake ni ba.

Na shirya tambayoyi cike da ciki, rikoda na cikin jaka. Shi ya riga ni.

"Amarya, yaron nan ya koma gida kuwa?"

Na ce ya koma, Kaka. Na gaya masa ya zama babban mai shirya fim, an ba shi kyauta a Wagadugu, akwai katafaren gini a Yamai da sunansa.

Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Ba wannan na tambaye ki ba. Ya koma wurin mutanensa?"

"A Yamai ya zauna har ya rasu."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. Ya ce in kashe abin nan in kira masa Inna ta kawo masa ruwan zafi, ƙafarsa na ciwo.

Ya rasu da damina a 2014, aka kai shi maƙabartar Williamsville, nan bayan Adjamé. Direbobi uku suka ɗage tafiyarsu don su yi masa salla. Da aka buɗe akwatin bayan sadakar bakwai, an sami katin, da lambobi huɗu, da wata tsohuwar hular soja da asu ya ci. Sauran wurin duk takardun haihuwa ne da sakamakon jarrabawa, na 'ya'ya da na riƙo da na jikoki, kowane gida an ɗaure nasa daban da zaren buhu.